Da Tef ɗin Tela Muka Je Neman Uwar Majami'u

Tun da na dawo daga tafiyar nan ta kwana uku, ban ƙara shan shayi cikin natsuwa a bakin titin unguwarmu a Funtua ba. Duk wanda ya hango ni sai ya jawo benci ya ce, Hedimasta, ba mu labari. Har maƙwabcina Alhaji Sule, wanda bai taɓa taka majami'a ba kuma ba shi da niyyar takawa, ya tare ni yana tambaya ko gaskiya ne an gan ni a kan bishiya da babbar riga. Gaskiya ne. Amma tun da labarin ya fara yin rassa a bakin mutane, har wasu na cewa ƙasar waje aka tura ni, gara in rubuta shi sau ɗaya kowa ya karanta. Ban wuce ƙauyukan Malumfashi ba.

Ga asalin abin. Dayosis ɗinmu, wato haɗakar majami'un da ke ƙarƙashin Bishop guda tun daga Funtua har ƙauyukan Malumfashi, ta ƙudura yin bikin tunawa da kafuwarta, aka ce a rubuta tarihi. Aka kafa kwamiti. Ni aka yi wa magatakarda, saboda na daɗe ina koyar da tarihi kafin in yi ritaya, kuma an shaide ni da zuwa taro da biro mai rubutu. Shugabanmu Rabaran Habila ne, mutum mai jiki da murya, wanda ya ba da gaskiya ga abu biyu: Littafi Mai Tsarki da abin da aka rubuta a takardar bayan taro. In aka matsa masa ya saki ɗaya, ban san wanda zai fara saki ba.

Tarihin shugabanni bai ba mu wahala ba, don hotunansu na jere a bangon ofis, kuma tsofaffi na tuna kowa da abin hawansa. Na farko ya zaga majami'u a kan keke, ya san sunan kowane kare a kowane ƙauye. Na biyu ya yi da babur, ya san sunan dattawa. Na yanzu yana da mota mai gilashi, amma a yi masa adalci, yakan sauke gilashin. Wahalar tana can kafin a fara hotuna. Kowa ya yarda cewa wani mai bishara, Malam Tanko, shi ne ya ɗauko guntun ƙarfen layin dogo da ma'aikatan jirgi suka ba shi a Funtua, ya ɗaura wa jakai biyu, ya kai wani ƙauye ya rataya a bishiya, ya buga, mutane suka taru, aka yi sujada ta farko. Inda ya rataya shi nan ne uwar majami'unmu duka. Sai dai ba wanda ya rubuta sunan ƙauyen, kuma yau ƙauyuka uku kowanne na da ƙarfe a rataye, kowanne na rantsuwa nasa ne na Malam Tanko: Tudun Maje, Unguwar Gamji, da Kwarin Ɗinya.

Da gardamar ta tsaya a kan suna kawai, da mun rubuta "masana sun yi saɓani" mun huta, kamar yadda manyan marubutan tarihi ke yi. To amma a bana majalisar dayosis ta yanke shawarar rufe majami'ar Kwarin Ɗinya. Mutum bakwai suka rage a cikinta, duk tsofaffi, matasa sun watse birni. Aka ce za a kwashe bencina da kwanon rufi a kai inda ake da jama'a. Ana haka sai ga mai buga ƙarfen ƙauyen, wani tsoho da ake kira Baba Nomau, ya zo ofis, aka ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa ya ce ba a rufe wa uwa ƙofa. Baba Bishop ya ce shi ma haka ya sani. In kwamiti ya tabbatar Kwarin Ɗinya ce uwa kafin majalisa ta zauna ranar Asabar, majami'ar ta tsira. In ba haka ba, motar ɗaukar kwano na nan tafe.

Muka zauna neman hanyar tabbatarwa. Wani ya ce a tambayi dattawa. Rabaran Habila ya ce kowane dattijo yana da ƙauye, amma ƙarfe ba shi da dangi. Ya ƙara da cewa a duniya ba a taɓa ganin 'yar da ta fi uwarta girma a ranar haihuwa ba, saboda haka a auna ƙarafan uku, wanda ya fi tsawo shi ne na asali. Aka ɗaga hannu, aka amince. Ni na rubuta da hannuna, kuma ba zan ɓoye ba, har na yaba wa hikimar a fili. Matata, wadda tela ce, ta ara min tef ɗinta bisa sharaɗin kada in auna wani abu mai rai da shi.

Ranar Laraba da safe muka shiga ƙaramar bas a tashar Funtua, ni da Rabaran da Baba Nomau, wanda zai koma gida. Tun kafin mota ta tashi tsohon ya ga tef a hannuna, ya tambayi amfaninsa. Da na gaya masa sai ya gyara zama ya buɗe baki. Rabaran ya ɗaga masa hannu daga kujerar gaba, ya ce mai ƙara ba ya magana da alƙalai a kan hanya, ya riƙe abin da ke bakinsa har a gama bincike. Baba Nomau ya rufe baki. Mutum ne da aka koya wa biyayya ga na gaba tun yana yaro, kuma ya riƙe darasin fiye da yadda malaman suka yi niyya.

Lokacin kaka ne, kuma wanda bai bi hanyar Bakori a irin wannan lokaci ba bai san cewa gwamnati titi ta yi, manoma kuwa masussuka suka karɓa ba. Masara shanye a gefen kwalta hagu da dama, an kewaye ta da duwatsu. Direbanmu ya fi tsoron taka masara a kan taka mutum, ya ce mutum yakan yafe. Haka muka yi ta lanƙwasa kamar maciji har Malumfashi, wata baiwar Allah a gefena tana riƙe da kwaryar daddawa da ke zamewa zuwa cinyata a kowace kwana. Har yanzu in na shiga da rigar nan cikin taro, akwai masu waiwayawa su nemi inda ake girki.

Daga Malumfashi sai babur. Aka samo uku. Wanda zai ɗauki Rabaran ya duba fasinjansa sama da ƙasa, ya koma ya ƙara wa tayar baya iska.

Iyaka muka tarar a bakin wani rafi, inda 'yan sintiri suka ɗaure igiya tsakanin itace biyu. Shugabansu, dogo mai bindigar gargajiya da layu a dantse, ya gaishe mu da ladabi ya nemi ganin jaka. Da ya ciro Littafi Mai Tsarki sai ya miƙo min da hannu biyu. Da ya ciro tef sai ya tsaya. Ya warware shi, ya dube ni, ya dubi takalmina, ya tambaya ko titi za a yi. Na ce a'a, ƙarfen majami'a za mu auna. Ya yi murmushin wanda ya san manya ba sa faɗin gaskiya a bainar jama'a. Ya ja ni gefe ya nuna min gonarsa da baki, ya roƙi arziki in titin ya zo a karkatar da shi ta bayan tsamiya. Na sake musantawa, shi kuma ya ƙara gaskatawa. Rabaran ya gaji da tsayuwa ya ce masa, "Za a duba." To wannan kalma ba mai faɗinta sai ma'aikacin gwamnati. Nan take aka sauke igiya, har da sara mana.

Muka isa Tudun Maje da azahar. Gari ne mai albarka, majami'arsu ta bulo ce, ga zumuntar mata cikin zane iri ɗaya suna kaɗa tulu suna waƙar maraba. Mai unguwa ma ya zo, ko da yake shi maganar titi ta kawo shi.

A nan na ga al'adar da ba mu da ita a Funtua. Mu a birni in baƙo ya zo, sai a tambaye shi me za a kawo masa, ana addu'a a zuci ya ce ya ƙoshi. Su kuwa baƙo ba ya faɗin abin da ke tafe da shi sai ya ci, kuma ba gida ɗaya ke ciyarwa ba. Kowane gidan dattijo ya aiko da kwano, an jera su gabanmu, matan gidajen suna tsaye daga nesa suna lura da wanda aka taɓa da wanda aka tsallake. Tuwon masara da miyar kuɓewa, dambu, ɗanwake, kaza har kashi uku. Na taɓa karanta cewa jakadun da suka hana yaƙi tsakanin ƙasashe da haƙuri suka hana shi. Ranar na gane da ciki ne. Rabaran ya yi wa dayosis hidimar da ba za a manta ba. Baba Nomau ya ci loma uku ya wanke hannu.

Sannan aka kai mu gindin majen. Ƙarfen yana can sama, ɗaure da waya a wani reshe da ya yi tsawon mutum uku, da doguwar gora ake buga shi. Na ce a sauko da shi. Dattawa suka dubi juna kamar na ce a tono kakansu. Suka ce tun ranar da aka rataya shi bai taɓa ƙasa ba, kuma ba a zamaninsu zai fara ba. Na ce to wani ya hau ya auna. Rabaran ya buɗe takarda ya karanta cewa magatakarda ne zai yi awo. Da hannuna na rubuta wannan ma.

Aka kawo tsani. Na naɗe babbar riga a kafaɗa na hau, mata suka ɗauki waƙar nan ta hawa zuwa sama, wadda a jana'iza muka saba jin ta. Ina kan reshe na gano cewa tef ɗin tela an yi shi ne don ɗan Adam, ya ƙare ƙarfe bai ƙare ba. Allah ya sa tsohon malami ba ya rabuwa da alli a aljihu. Na yi alama, na sake ɗorawa. Kamu uku da ɗani guda, in ji masu tsayuwa a ƙasa da suka fi yarda da hannunsu a kan tef. Aka yi guɗa. Rabaran ya ce ko da yake bincike bai ƙare ba, shi dai ya ji ƙanshin uwa.

A gidan faston garin aka sauke mu, a ɗakin baƙi, wanda a lokacin kaka baƙinsa buhunan masara ne. Gado ɗaya ne, kuma tsarin ikilisiya ya fayyace wanda zai hau shi. Ni na kwana a kan buhuna. Da safe na duba madubi na ga ƙwayoyin masara sun yi min zane a kunci, layi uku reras, har matar fasto da ta kawo kunu da ƙosai ta tambaye ni ko mutanenmu daga Gobir suka taso.

Unguwar Gamji ba ta da nisa, amma labarin kamu uku da ɗani ya riga mu isa da kwana guda. Mun tarar da ƙarfensu a rataye ƙasa ƙasa, mai sauƙin awo, kuma tun daga nesa ya fi na Tudun Maje tsawo. Da na matso sai na ga rabinsa na sama baƙi ne, ya sha shekaru, rabin ƙasa kuwa sifirin ɗin tsohuwar mota ne, an haɗa su da walda da ko hucewa ba ta gama yi ba. Mai waldar ma yana cikin jama'a, bai cire baƙin tabarau ba.

Babban dattijonsu bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya bayyana mana cewa ba ƙari suka yi ba, gyara ne. Kakanninsu sun ce a da ƙarfen ya kai haka, shekaru ne suka cinye shi, su kuwa sun mayar da shi yadda yake. Na dubi Rabaran ina jiran tsawa. Sai na ga ya zaro takarda yana bin ta da yatsa. Ya daɗe. Ya ɗago cikin damuwa ya ce min a hankali, takarda ta ce wanda ya fi tsawo, ba ta ambaci walda ba.

Na ce to aƙalla a buga mu ji, tun da ƙararrawa ce. Dattijon ya ɗauki guduma ya zabga. Abin ya yi ƙara irin ta bokitin da jaki ya taka, ya yi lilo sau biyu, sai sifirin ya rabu da ɗan'uwansa ya sauko. Ƙasa faɗi gare ta, amma babban yatsan ƙafar Rabaran Habila ya zaɓa. Abin da Rabaran ya faɗa a wannan lokaci ban sa shi a takardar bayan taro ba. Da ya dawo hayyacinsa, yana zaune a ƙasa riƙe da ƙafa, sai ya yanke hukunci cewa ƙarfen da ke rataye ake aunawa, wanda ya faɗo ya fita daga shari'a. Na auna abin da ya saura: kamu ɗaya da rabi.

Yatsa ya kumbura ya yi kamar gauta. Masu babur suka ce akwai maɗori a wata 'yar kasuwa kan hanyar Kwarin Ɗinya, Sarkin Maƙeran wurin ne, Malam Iro. Muka same shi a rumfarsa ya idar da sallar la'asar, tsoho siriri mai hannu kamar icen ƙirya. Ya zaunar da Rabaran a kan turmi, ya ɗora ƙafar a cinyarsa, ya tambayi abin da ya faɗo mata. Da muka ce ƙarfen majami'a, sai ya tambaya na wace. Muka ce Unguwar Gamji. Ya ce a'a, na Gamji ba ya faɗuwa, babansa ne ya yanka shi, shi kuma yana yaro ya riƙa zuba wa zarto ruwa.

Na ce, yanka shi daga ina?

Ya dube ni kamar ɗalibin da ya tambayi ko ruwa na jiƙa mutum. Yana murza yatsan Rabaran yana ba mu tarihin dayosis ɗinmu, wanda kwamiti ya yi wata huɗu yana nema a cikin kabad. Ya ce tun zamanin kakansa, in mutanen Kwarin Ɗinya suka buɗe sabuwar majami'a a wani ƙauye, ba sa sallamar 'yan'uwansu hannu wofi. Sai su sauko da ƙarfensu, su kawo maƙera, a raba shi biyu daidai, rabi ya bi masu tafiya, rabi ya koma bishiya. Kamar dai yadda uwa ke ɗiban kwanukanta ta jera wa 'yarta a ɗaki. Ya ce yanka ƙarfen jirgi da zarto ba wasa ba ne, kwana biyu ake yi, matansu na kawo fura, maƙera na zagin wanda ya ƙera jirgi. Kakansa ya yanka, babansa ya yanka, shi ma ya yanka. Ya lissafo ƙauyukan da yatsu, ɗaya bayan ɗaya, kamar maroƙi na jero zuriyar sarki. Tudun Maje ce ta fari, shi ya sa ta sami rabin farko mai tsawo. Gamji ta biyu. Sauran ƙanana, don da ya ragu ɗan guntu aka riƙa yanko musu, har akwai waɗanda nasu ya yi ƙanƙanta suka koma buga bakin garma.

Na tambaya ko Tudun Maje ta taɓa kawo nata a yanka wa wani. Ya ce ko allura ba a taɓa cira a jikinsa ba.

Rabaran ya ce, "Amma takarda..." Malam Iro ya ja yatsa, ƙashi ya ce ƙas, maganar ta tsaya nan. Sau uku Rabaran yana ɗauko zancen takarda, sau uku ɗori yana buƙatar a ja. Ban ce da gangan ba ne. Na dai lura cewa wannan shaida ba shi da ƙauye a cikin ukun, ba shi ma da kujera a majami'a, wato irin shaidar da Rabaran ya ce babu.

Da ya gama ɗaure karan ɗori, maƙerin ya juya ga tsohon da ke tsugune a bakin rumfa.

"Kai kuma Nomau, kana tare da su kwana biyu, me ya hana ka gaya musu?"

"An ce in riƙe bakina, Sarki."

Malam Iro ya girgiza kai ya ce shi ya sa bai taɓa shiga kwamiti ba.

Muka shiga Kwarin Ɗinya rana ta yi sanyi. Ba waƙa, ba guɗa. Majami'ar ta ƙasa ce, an share gabanta har sawun tsintsiya na nan. Mutum shida suka fito suka gaishe mu, Baba Nomau ya cika su bakwai. Kwano ɗaya aka kawo, tuwon dawa da miyar kuka, aka ba mu haƙuri cewa kazar da ta rage tana kwanci. A jikin ɗinyar, daidai kan mutum, ga abin da muka zo aunawa: ɗan guntun ƙarfe, baƙi wuluk, da rami a samansa irin wanda ma'aikatan jirgi ke hudawa don ƙusa. Igiya ta ci bakin ramin har ya yi santsi kamar bakin tsohuwar rijiya. Ban buƙaci alli ba. Ɗani guda ne, har da ragi.

Rabaran ya tsaya a kan ƙafa ɗaya yana kallonsa. Mutum ne mai gaskiya, sai dai gaskiyarsa tana da layi kamar littafin rubutu. Ya ce shi a ransa ya gamsu. Amma ƙa'ida kwamiti ne ya kafa ta, kwamiti ne kawai zai warware ta, kuma kwamiti ba zai zauna ba kafin Asabar. Rahoto zai tafi yadda aka tsara: mafi tsawo, Tudun Maje. Ya faɗi haka a gaban tsofaffin nan bakwai, muryarsa ba ta kai rabin yadda na san ta ba. Wata tsohuwa a cikinsu ta tambaya ko in za a cire kwanon za a bar musu ƙofa, saboda awaki.

Asabar majalisa ta cika a babbar majami'ar Funtua. Na tashi na karanta rahoto, awo uku da hukunci ɗaya. Wakilan Tudun Maje suka fara gyara hula. A ƙarshen takardar na ƙara jerin ƙauyukan da Malam Iro ya lissafa, na sa masa suna "ƙarin bayani", wanda a al'adar taro shi ne wurin da ake ajiye abin da ba a so a karanta. Na karanta shi. Baba Bishop ya tambaya ko mai ƙara na da magana. Rabaran Habila, da ƙafa a naɗe kan kujera, ya ce bincike ya ƙare, bakinsa a sake yake.

Baba Nomau ya taso daga benci na baya. Ya cire hula, ashe ƙarfen na ciki, ya zo da shi. Ya ajiye a kan teburin Bishop, ya yi 'yar ƙara kamar an ajiye kofi.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi makaranta ba. Amma ka taɓa ganin uwar da ta aurar da 'ya'ya tara, kwanukanta suka ƙaru?"

Bishop ya juya ga babban wakilin Tudun Maje, ya tambaye shi wace majami'a suka taɓa yanka wa nasu. Mutumin ya yi tari, ya ce suna kan shiri.

Rabaran ya ɗaga hannu ya ce, da baƙin ciki, ƙa'ida dai tana nan. Bishop ya ce shi ma ba zai taɓa ta ba, ƙa'ida ce mai kyau, magatakarda ne bai gama aikinsa ba. An ce a auna ƙarfen kowace majami'a. To ƙarfen Kwarin Ɗinya a ƙauye goma yake rataye, ni kuwa guntu ɗaya na lissafa mata. A haɗa duka, har da wanda ke kan majen, a gani ko akwai wanda ya kai shi. Na ga fuskar Rabaran ta washe kamar wanda aka ce yatsansa ya warke. Ya buga tebur ya ce takarda ta yarda. Aka soke zuwan motar kwano, aka kuma ce tun da uwa ce, ba ta zama ba fasto. Har Rabaran ya so a ƙara da cewa magatakarda ya je sauran ƙauyukan ya hau ya auna don cika ƙa'ida, Allah ya sa lokacin cin abinci ya yi.

Ana watsewa, Baba Nomau ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon lasifikar da ke saman babbar majami'a. Ya tambayi Bishop wa ya yanka wa wannan nata. Bishop ya ce ba kowa, da aka gina ta zamani ya riga ya canza. Tsohon ya ce wannan ba daidai ba ne, 'ya ba ta zama a ɗaki ba kayan uwarta, ko da ita ce matar sarki. Bishop ya ce Baba, in aka sake rabawa me zai saura? Tsohon ya ce wajen ramin zai saura, shi ne na igiya.

Litinin Baba Nomau ya kai wa Malam Iro ƙarfen. Rabin yana nan yanzu a babbar majami'a, cikin akwatin gilashi kusa da hotunan shugabanni, baƙi na ɗauka maƙulli ne ya karye. Ɗaya rabin, wanda bai fi akwatin ashana ba, ya koma jikin ɗinya, da ƙusa ake buga shi. Kwanan baya na haɗu da sabon faston da aka tura musu, na tambaye shi yadda ƙarar take. Ya ce gidansa na jikin majami'a, amma har yau bai taɓa jin ta ba. In dai ya ga tsofaffin nan bakwai sun fito daga gidajensu a lokaci guda, sai ya ɗauki littafinsa ya bi bayansu.